Layi Ɗaya, Kwamfuta Biyu: Raba Intanet a Cikin Gida

Duk wanda ya ce yana da intanet a gida a Bebeji ko Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, galibi abu ɗaya yake nufi: akwai layin MTN ko Airtel ko Glo a cikin wata na'ura, yana kamo sabis daga ƙarfen sabis da ke gefen gari. Wayar fayiba da ake ja har cikin ɗaki a wasu unguwannin Legas da Abuja ba ita ce hanyar yawancin mutanen wannan yanki ba. Namu ta iska yake zuwa, kuma a kan awo ake sayar da shi. Shi ya sa shawarar da aka tsara don gidajen Turai, inda ake biyan kuɗin wata a yi ta amfani ba lissafi, ba ta cika yi mana daidai ba.

Kwamfuta ta biyu kuwa ba ta da wuyar shigowa gida yanzu. Tun daga 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, iyaye da dama suka fara nema wa yaro 'yar tsohuwar laftof ya riƙa gwaji. Ga yayansa malamin makaranta yana da tasa ta buga sakamako, ko yana karatu daga gida a jami'ar NOUN. Sai tambaya ta taso: kowa ya sayi datarsa, ko a haɗa a kan layi ɗaya? Haɗawa ta fi sauƙin kuɗi, domin idan ka duba farashin kamfanonin za ka ga babban kunshin data na wata ya fi araha a kan kowane gigabayit idan aka kwatanta da ƙananan kunshi biyu. Aikin haɗawar ma bai kai shan shayi ɗaukar lokaci ba. Abin da ke kawo ɓacin rai yana zuwa ne daga baya.

Na'urar da ke yin rabon ita ake kira rauta. Kamfanin sadarwa adireshi ɗaya yake ba layinka, bai san kwamfuta nawa ke bayansa ba. Rauta ce take ba kowace kwamfuta adireshinta na cikin gida, wanda yawanci yake farawa da 192.168, sannan ta riƙe lissafin wa ya nemi me. Idan ta yaya ta nemi shafin jami'a, ta ƙane ta nemi bidiyo, duk buƙatun biyu da sunan layi ɗaya suke fita, amsa ta dawo rauta ta miƙa wa kowa nasa. Ba a yin kuskuren kai saƙon wani ga wani, kuma ɗaya ba ya ganin abin da ɗaya yake buɗewa a allonsa don kawai suna kan layi guda.

Wayar hannu ma tana iya zama rauta idan aka kunna hotsifot ɗinta, kuma da ita kusan kowa yake farawa. Ta isa don aikin awa ɗaya. Amma wayar za ta yi zafi, batir ya riƙa lalacewa saboda caji da aiki lokaci guda, kuma da zarar mai ita ya sa ta a aljihu ya tafi masallaci ko gona, intanet ɗin gida ya bi shi. 'Yar ƙaramar MiFi mai batir ta fi wannan, tana ɗaukar na'urori wajen goma. Wadda ta fi dacewa da gida ita ce babbar rauta mai cin layin waya, mai ƙahonni ko marar su, wadda ke da ramukan kebul a bayanta. Kwamfutar tebur da ba ta da Wi-Fi sai a ja mata kebul, ko a saya mata ɗan abin kama Wi-Fi da ake soka wa ramin USB. Akwai kuma hanyar da laftof ɗaya mai Windows 10 ko 11 take raba wa wasu har na'urori takwas, sai dai dole ta kasance a kunne kullum, kuma a inda wuta take wahala wannan ba dabara ba ce.

Mutane da yawa suna zaton idan an sa kwamfuta biyu, kowace za ta sami cikakken gudun layin. Ba haka ba ne. Manomin rani da ke sha daga ruwan Tiga ya san cewa idan aka fasa kwata ɗaya zuwa gonaki biyu, ruwan da ke zuwa bai ƙaru ba, rabuwa ya yi. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 10 a daƙiƙa a karkara, 25 a birane. A ce ka sami goman nan cif. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, wato abin da ke sauka bai wuce megabayit ɗaya da kwata a daƙiƙa ba, fayil mai gigabayit ɗaya zai ci wajen minti goma sha uku. Idan kwamfutoci biyu suna sauke irinsa a lokaci ɗaya, sai a ninka. Rabon kuma ba na adalci ba ne: wadda ke sauke babban fayil takan danne wadda ke taron Zoom, murya ta riƙa yankewa, mai taron ya yi ta zagin kamfani alhali ɓarawon gudun yana ɗaki na gaba. Shi kansa ƙarfen sabis ɗin rabonsa ake yi da duk mutanen gari, abin da ya sa bayan sallar isha'i ko ranar kasuwa komai yake jan ƙafa, da asuba kuma ya yi ta gudu.

Amma babbar magana ita ce data, musamman tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Kwamfuta ba ta da tausayin data irin na waya. Duk Wi-Fi da ta kama, ɗauka take yi na kyauta ne marar iyaka. Windows zai fara sauke gyare-gyarensa a ɓoye, wani lokacin gigabayit da dama. Manhajar kashe ƙwayar cuta tana sabunta kanta, Chrome yana yi, OneDrive ko Google Drive suna kwashe hotuna suna kaiwa sama, kuma abin da aka tura ma data yake ci kamar wanda aka sauke. Laftof ɗin da ta yi wata uku a jaka ba ta ga intanet ba ita ce mafi haɗari, domin ranar da aka haɗa ta duk bashin sabuntawa take biya.

Daga nan ne rigimar ke tashi. Kunshin da aka saya don wata ya ƙare a kwana tara, yaya ya leƙa ɗakin ƙane ya ce, "Kai Auta, me ka yi da datar nan?" Shi kuma ya ce, "Wallahi Yaya ban kalli komai ba, tambayoyin JAMB kawai nake yi." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma ba sai an kai ga rantsuwa ba. A cikin saitin netwok na Windows akwai shafin da ke nuna datar da kowace manhaja ta sha a kwana talatin da suka wuce. A buɗe shi a kwamfutocin biyu, a ajiye su gefe da gefe. Sau da yawa za a tarar babban mai laifin shi ne Windows ɗin kansa, wani lokacin ma a kwamfutar mai tuhumar.

Maganin yana wuri ɗaya. A saitin Wi-Fi ɗin gidan akwai maɓallin da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan layi a kan mita yake. Da an kunna shi, Windows zai dakatar da yawancin saukewar da yake yi ba izini. Dole a yi shi a kowace kwamfuta daban, kuma idan aka canza sunan Wi-Fi a sake. Ban ce a hana sabuntawa har abada ba, don ita ce ke toshe ƙofofin masu kutse. A zaɓa mata lokaci, a sayi garaɓasar dare a yi ta gaba ɗaya. Sai bidiyo. Kamfanin Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta kallo mai matsakaicin haske tana cin har gigabayit ɗaya, mai haske sosai har uku. YouTube kuma yakan zaɓi haske mafi girma idan ya ga allo babba da sabis mai kyau, don haka Izzar So ko Labarina da aka saba kallo a waya ba wata damuwa, a laftof sai ya zama wani abu daban. A rage hasken zuwa 360 ko 480 da hannu. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: fayil ɗin da aka tura daga kwamfuta ɗaya zuwa ɗayar ta cikin rauta ba ya taɓa data, don bai fita gidan ba. Abin da ɗaya ya sauke, kada ɗayan ya sake saukewa.

Inda aka ajiye rauta yana iya zama bambanci tsakanin 4G da ba komai. Katangar ƙasa mai kauri da bulon siminti suna rage sigina, kwanon rufi kuma yana mayar da ita baya. A nemi tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, a ɗaga rauta sama, kada a cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad don gudun ƙura. Mutanen bakin titin Kwanar Dangora ba su cika shan wannan wahala ba. Wanda ya nausa kudu, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore zuwa duwatsun Riruwai, ya san dutse ɗaya yana iya raba unguwa da sabis. A irin waɗannan wurare, kafin a sayi rauta a ari wayoyin maƙwabta masu layuka daban-daban a gwada a cikin ɗakin da za a yi aikin, domin rautocin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da sunansu galibi a kulle suke, ba sa karɓar layin wani. Idan sabis ɗin sai a waje, akwai eriya da ake ɗaurawa a dogon ƙarfe a ja wayarta zuwa rautar da ke da ramin eriya.

Gidan Bahaushe kuma ba ɗaki ɗaya ba ne. Ɗakin samari yana kusa da zaure, na yaya yana can ciki, tsakar gida a tsakani. Idan rauta tana da zangon Wi-Fi biyu, na 2.4 ya fi ratsa katanga da zuwa nesa, na 5 ya fi gudu amma a kusa. Idan duk sun gaza, kebul shi ne abin dogaro, yana kai mita 100 ba tare da ya rasa ƙarfi ba. Sai dai a kudancin Kano damina tana da nauyi, kebul ɗin da ya ratsa fili yana iya ɗauko tsawa ya ƙone rauta da kwamfuta tare. Hadari ya haɗo, a zare shi. Batun wuta kuwa ya fi sauƙi: yawancin rautoci bolt 12 suke amfani da shi, cinsu bai wuce na ƙwan fitila ba, ɗan ƙaramin batir ko sola zai riƙe su sa'o'i ko KEDCO ta ɗauke.

Saura makulli. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato duk abin da aka aikata ta rautarka, sunanka ne a gaba. Kalmar sirri iri biyu ce a jikin rauta: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga saitin rautar, wadda kamfanoni suke barinta a abu mai sauƙin zato. A canza duka biyun, a zaɓi kariyar WPA2 ko wadda ta fi ta, kuma kada a sa lambar waya ko sunan ɗan fari. Matsalar ita ce wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar shiga Wi-Fi a hoton lamba da wani zai ɗauka da kyamara, don haka ba wa mutum ɗaya daidai yake da ba abokansa. Wanda ya ga yara sun fara zaman dakalin bayan ɗakinsa da daddare, kowa kai a sunkuye, ya shiga shafin rauta ya duba jerin na'urorin da ke ciki. Ni a ganina hana maƙwabci gaba ɗaya ba halinmu ba ne, kuma ba lallai ba ne: rautoci da yawa suna da Wi-Fi na baƙi da ake kunnawa a kashe, wasu har da iyakance gudunsa.

Akan tambayi batun Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, kuma bai damu da ƙarfen sabis ko dutse ba, sarari kawai yake so. Kuɗin na'urarsa da na wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin gida mai kwamfuta biyu. Ya fi dacewa da shagon kwamfuta ko makaranta ko asibiti, inda masu amfani suke da yawa.

Idan intanet ya ɗauke, a fara duba ko kwamfuta ɗaya ce ko duka. Idan ɗaya ce, matsalar tata ce ko ta kebul ɗinta. Idan duka ne, a duba ragowar data, a kashe rauta a kunna, sannan a tambayi maƙwabci mai irin layin. Wani lokacin abin ya fi ƙarfin gari ma: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka rikice a Nijeriya na kwanaki, wasu kamfanonin suka fi wasu jin jiki. Gidan da mutum biyu suka dogara da layi ɗaya, musamman idan akwai mai jarrabawa ko mai aikin da ke da wa'adi, ya ajiye layin wani kamfanin daban a waya da 'yar data kaɗan a ciki.