BABI NA HUƊU: GANO MATSALAR TSOHUWAR KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA TA HANYAR TSUWARTA

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gano matsalar tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, wadda idan an kunna ta sai ta riƙa tsuwa, sikirin ɗinta kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Abin da ake nufi da tsuwa a nan shi ne ƙarar nan ta "tit, tit" da kwamfuta ke yi jim kaɗan bayan an danna maɓallin kunnawa. Manufar babin ita ce a nuna cewa wannan tsuwa saƙo ce mai ma'ana, kuma wanda ya iya karanta ta yakan tsira da kuɗinsa da kuma ayyukan da ya adana.

4.1 Muhimmancin Matsalar a Ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Buƙatar kwamfuta ta ƙaru a wannan yanki tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Haka kuma an sami ƙarin manyan makarantu a garin Daura, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, wadda aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019.

Ɗalibai da masu shagunan buga takardu da yawa ba su da ƙarfin sayen sabuwar kwamfuta. Saboda haka sukan sayi ta hannu, wato tokumbo, wadda ake sarowa daga Kano ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Irin waɗannan kwamfutoci sun riga sun kwana biyu kafin su iso, sannan su tarar da ƙurar hunturu, da zafin bazara wanda kan haura digiri 40, da kuma wutar lantarki mai hawa da sauka. Idan irin wannan kwamfuta ta ƙi tashi ana dab da miƙa kundi, hankalin ɗalibi yakan tashi, har ya yarda da duk hukuncin da aka yanke masa, ko da kuwa an ce ta mutu ne alhali gyaranta bai taka kara ya karya ba.

4.2 Dalilin Tsuwa

A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, inda dukkan sassa suke haɗuwa. A jikinsa akwai wata 'yar manhaja mai suna BIOS, wadda ita ce take fara aiki kafin Windows. Aikinta na farko shi ne ta bi muhimman sassa ɗaya bayan ɗaya ta gwada lafiyarsu: ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato furosesa, da ma'ajiyar wucin gadi, wato ram, da sashen nuna hoto, da kibod. Ana kiran wannan gwaji POST, kuma yana nan tun a kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981.

Idan gwajin ya ci karo da matsala bayan sikirin ya kama, sai a rubuta saƙon a kansa. Idan kuwa matsalar ta auku tun kafin nan, babu inda za a rubuta, sai a isar da saƙon ta lasifika. Daga wannan za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, kwamfutar da ke tsuwa a ƙirge wuta tana shiga cikinta, kuma wani ɓangare na bod ɗinta yana aiki. Na biyu, matsalar ta faru ne kafin a kai ga faifan ajiya, saboda haka sake ɗora Windows ba zai magance ta ba.

4.3 Ma'anar Tsuwa

Tsuwa ba ta da ma'ana ɗaya a kowace kwamfuta, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Alal misali, a tsarin IBM na asali, gajeriyar tsuwa ɗaya tana nufin komai lafiya, doguwa ɗaya da gajeru biyu kuwa suna nuna matsalar sashen hoto. Kamfanin Phoenix yana jera tsuwarsa rukuni-rukuni, tare da ɗan tsayawa a tsakani. A kwamfutocin ThinkPad, waɗanda Lenovo ya gada daga IBM a 2005, jerin 1-3-3-1 yana nuni ga ram ko bod. A nau'o'i da dama na Dell Inspiron kuwa tsarin shi ne kamar haka:

(a) Tsuwa 1: matsalar BIOS ko bod.
(b) Tsuwa 2: ba a ga ram ba.
(c) Tsuwa 3: matsalar bod.
(d) Tsuwa 4: ram ya kasa karatu ko rubutu.
(e) Tsuwa 5: matsalar batirin agogo.
(f) Tsuwa 6: matsalar sashen hoto.
(g) Tsuwa 7: matsalar furosesa.
(h) Tsuwa 8: matsalar sikirin.

Wasu nau'o'in HP kuma sukan yi amfani da ƙiftawar fitilar maɓallin Caps Lock a maimakon sauti. Don haka wajibi ne a duba sunan kamfani da lambar samfuri a ƙarƙashin kwamfutar, a nemi littafin gyaranta, kafin a fassara tsuwar.

4.4 Matakan Bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha, a ƙare da mai wuya da tsada.

Mataki na farko shi ne ƙirga tsuwar. A lura da yawanta, da tsawonta, da inda take tsayawa. Yana da kyau a naɗi sautin a wayar hannu domin a sake saurare a natse.

Mataki na biyu, a zare caja da batir da duk abin da aka soka a jikin kwamfutar, kamar filasha da mawus. A danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30 domin ragowar wuta ta fita, sannan a kunna da caja kaɗai. Idan tsuwar ta zarce ba tsayawa, a duba kibod, domin maɓallin da ƙura ko shayi ya maƙale yakan haddasa haka.

Mataki na uku shi ne duba ram, wanda ya kamata a fi zargi a tsohuwar kwamfuta. Ƙura da jijjigar tafiya a kan babur sukan sa ya goce daga gurbinsa ko haƙoransa su yi dauɗa. Bayan an cire wuta da batir, mai gyara ya taɓa wani ƙarfe domin ya sauke lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Sai ya buɗe maƙallan gefe biyu, ya zaro ram ɗin, ya goge haƙoransa da abin goge fensir a hankali, ya mayar da shi a karkace, ya danna har maƙallan su kama. Idan ram biyu ne, a gwada kowanne shi kaɗai a kowane gurbi, domin ta haka ake rarrabe ram da ya lalace da gurbin da ya lalace. Idan za a sayi wani, a lura cewa DDR2 yana da haƙora 200, DDR3 kuwa 204, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Mataki na huɗu, a duba batirin agogo, wanda yawanci CR2032 ne mai ƙarfin bolt 3. Alamar rauninsa ita ce kwanan wata da lokaci su riƙa komawa baya kafin kwamfutar ta daina tashi.

Mataki na biyar, a haɗa kwamfutar da wani sikirin ko talabijin ta kafar VGA ko HDMI. Idan hoto ya fito a can, to laifin na sikirin ne ko wayarsa da ta bi ta cikin maɓanɗarin murfi. Idan bai fito ba, sai a zargi sashen hoto, wanda zafi ke yi wa illa idan ƙura ta toshe fanka. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu sassan hoto da ya ƙera wa kwamfutocin tafi-da-gidanka suna lalacewa fiye da kima, abin da ya shafi wasu samfuran HP da Dell da Apple. Gasa irin wannan sashe da iska mai zafi yakan tayar da kwamfutar, amma sau da yawa matsalar takan dawo, don haka ya kamata a sanar da mai kaya tun kafin ya biya.

Sai bayan an bi waɗannan matakai duka ne ya dace a ɗora laifi a kan bod. Ko a nan ma ayyukan mai kwamfuta ba su salwanta ba, domin ana iya zare faifan ajiya, a sanya shi a akwatin USB, a kwashe abin da ke cikinsa zuwa wata kwamfuta, muddin ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an bayyana dalilin tsuwar kwamfuta, da bambancin ma'anarta daga kamfani zuwa kamfani, da matakai biyar na bincike. An ga cewa uku daga cikin lambobi takwas na Dell Inspiron sun shafi ram da batirin agogo, waɗanda ake iya sauyawa a Daura ba tare da an ɗauki kwamfutar zuwa Katsina ko Kano ba.