Tsawaita Alawus na Rashin Aikin Yi a Amurka: Matsalar Ma'auni

A wannan takarda za mu duba yadda ƙasar Amurka take tsawaita biyan alawus ga ma'aikatan da suka rasa aiki. Tun daga dokar 1935, jihohi ne suke gudanar da wannan alawus, kuma a yawancinsu ba ya wuce mako 26. A shekarar 1970 sai Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa doka ta dindindin wadda take ƙara mako 13 idan rashin aiki ya yi ƙamari, gwamnatin tarayya da jiha su raba nauyin kuɗin biyu.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da doka ta wajabta kafin a fara biyan ƙarin. Ba dukan marasa aiki ake ƙidayawa ba, sai masu karɓar alawus na farko. Wato duk wanda nasa ya ƙare ya fita daga lissafi, ko da bai sami aiki ba. Saboda haka idan matsin ya daɗe, ma'aunin yakan sauka alhali wahala tana ƙaruwa. Bugu da ƙari, a 1981 an ɗaga ma'aunin jiha daga kashi 4 zuwa kashi 5 cikin ɗari, aka kuma soke na ƙasa baki ɗaya.

Wannan ne ya sa Majalisa ta riƙa yin dokokin wucin gadi, kamar na 1991, 2002, 2008 da 2020. A zamanin dokar 2008, jimillar alawus ta kai mako 99 a wasu jihohi, amma da wa'adinta ya cika a Disamba 2013, fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa shi lokaci guda. A ganinmu, muddin ma'aunin bai ƙidaya waɗanda suka fi daɗewa ba su da aiki ba, abincin iyalansu zai ci gaba da rataya ga muhawarar 'yan majalisa.