HUNTURU A ILLELA: SAUƘIN DA SHARI'A TA BAYAR DA HAƘƘIN DA TA ƊORA MANA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ke jujjuya dare da rana, da zafi da ɗari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, garin Illela, wanda ke kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, yana cikin garuruwan da hunturu ke fara yi wa sallama kafin ya gangara kudu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe sararin sama da hazo. Garin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sai ga shi da asubar Disamba da Janairu yana saukowa wajen digiri 15, wata rana ma ƙasa da haka, ga kuma iska busasshiya mai tsaga leɓe da dunduniya.

Mai ɗaki da bargo yana iya cewa wannan ba wani abu ba ne. Amma Illela gari ne na baƙi. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara fatake da dillalan dabbobi daga Ƙonni da Tawa da Galmi da Gwadabawa da sauran wurare, kuma da yawansu tun daren Asabar suke isowa, su kwana a kara ko a rumfa ko a ƙarƙashin mota. Ga direbobi da yaran mota masu jiran takarda a bakin iyaka, ga ma'aikatan kwastan da na shige da fice masu gadin dare, ga manoman rani masu sammakon ban ruwa, ga almajirai. Da yawan waɗannan Musulmi ne da sallar asuba ke riska a fili, saboda haka ya kamata a san abin da shari'a ta ce game da halinsu.

ALWALA DA WANKA CIKIN ƊARI

Asali dai shi ne a yi tsarki da ruwa. Imamu Malik cikin Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana cikin ayyukan da Allah ke shafe zunubai da su, ya kuma ɗaukaka daraja. Malamai sun ce tsananin sanyi yana cikin abin da ake nufi. Sai dai wannan bai hana a ɗumama ruwa ba, domin ba a neman mutum ya jawo wa kansa wahala da gangan. Wanda ya sami buta da ruwan ɗumi ya yi alwala, alwalarsa cikakkiya ce, ladarsa tana nan.

Abin da ake tsoro a wannan lokaci shi ne barin lam'a. Mutum ya ƙi naɗe hannun rigar sanyi har ya wuce gwiwar hannu, ko ya yayyafa wa ƙafa ruwa ya bar dunduniya a bushe, alhali gargaɗi mai tsanani ya zo a hadisi game da dugadugan da ruwa bai taɓa ba. Wanda sanyi ya matsa wa, ya sani cewa wanki ɗaya mai game gaɓa shi ne farilla, na biyu da na uku ƙarin falala ne. Gara wanki ɗaya cikakke da uku na gaggawa.

To, idan janaba ta sami mutum a hanya cikin daren ɗari fa? A shekara ta 8 bayan hijira, a yaƙin Zatus Salasil, wannan ya sami Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi. Ya ji tsoron halaka idan ya yi wanka, sai ya yi taimama ya ba jama'arsa sallar asuba. Da aka kai labari ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amru ya kafa hujja da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i wadda ta hana mutum kashe kansa, sai Annabi ya yi dariya bai ce masa kome ba. Abu Dawuda ne ya ruwaito. A kan haka malamanmu na Malikiyya suka ce wanda ya ji tsoron ruwa zai jawo masa ciwo, ko ya ƙara masa wanda yake da shi, ko ya jinkirta warkewarsa, ya halatta ya yi taimama da ƙasa ko rairayi ko dutse mai tsarki.

Amma akwai sharaɗi, ya zama ba shi da halin ɗumama ruwan. Direban da ke tsakiyar daji ba wuta ba mafaka, hukuncinsa daban yake da na wanda ke cikin tasha, ga mai shayi da tukunyarsa tana tafasa tun kafin kiran farko. Ƙyuya kaɗai ba uzuri ba ce. Kuma a mazhabarmu taimama ɗaya farilla ɗaya ake yi da ita, bayan shigar lokaci, kuma da zarar uzuri ya gushe sai a yi wankan domin sallolin da ke gaba.

Game da shafa a kan huffi, Malikiyya sun sharɗanta ya zama na fata ne mai tsarki, ɗinkakke, wanda ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Safar zare ko ta ulu ba a shafa a kanta a mashhurin mazhaba sai in an lulluɓe ta da fata, ko da yake Hambaliyya sun yarda da safa mai kauri. Ƙasar Sakkwato kuwa ƙasar jima ce da dukanci, samun huffi ba zai gagari mai gadin dare ba.

Haɗa magariba da lisha a masallaci, a wurin Malikiyya, saboda ruwan sama ne ko taɓo tare da duhu, sanyi kaɗai bai isa ba. Amma ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, sa'an nan ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu, ya ce haka Annabi ke umartar ladani a irin wannan dare. Ashe ke nan tsoho mai tari ko mai ciwon fuka, idan ya yi sallarsa a ɗaki ranar da jaura ta tsananta, bai yi laifi ba.

WUTA ABOKIYAR GABA CE

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da Annabi ya ji sai ya bayyana cewa wuta maƙiyiyarmu ce, ya yi umarni a kashe ta idan za a yi barci. Wannan umarni ya fi kowane lokaci dacewa da hunturu, sa'ad da zana da bunu da kara suka bushe ƙayau, iska kuma na kaɗawa. 'Yan kasuwa ba su manta da gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma kisan da ba a ganin harshen wuta. Gawayi idan yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da kasala, daga nan barci ya zarce. Haka hayaƙin janareta yake, haka na mota. A garin Murree na ƙasar Pakistan, a watan Janairu 2022, mutum fiye da 20 suka mutu cikin motocinsu da ƙanƙara ta tsare, wasunsu ta wannan hanya, don sun rufe gilashi sun bar inji yana aiki. Saboda haka a fitar da kaskon garwashi waje kafin a kwanta, a ajiye janareta nesa da taga, kada kuma direba ya kwana cikin mota a rufe inji na ci.

Ƙura da bushewar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, su buɗe wa cuta ƙofa. Illela tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla daga hunturu zuwa bazara. A 1996 annobarsa ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, har hukumomin Saudiyya suka hana alhazanmu shiga a shekarar, ta kuma sake ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Cunkoso a ɗaki marar taga yana taimakonta. Wanda aka ga yana da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan take, kuma a karɓi allurar rigakafi idan ta zo. Neman magani ba ya warware tawakkali.

HAƘƘIN MARAR BARGO

Cikin Suratun Nahli Allah ya lissafa abin ɗumi da muke samu daga dabbobi, da gashinsu da fatunsu, cikin ni'imominsa. Kowace ni'ima kuwa za a yi tambaya a kanta. Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi cewa wasu mutanen ƙabilar Mudar sun zo Madina ba takalma, ba tufafin kirki, sai fuskar Annabi ta sauya saboda ganin talaucinsu. Ya tara jama'a ya yi huɗuba, aka yi ta kawo kuɗi da tufafi da abinci har aka tara tsibi biyu, sa'an nan fuskarsa ta haskaka. Bai jira sun roƙa ba, ganinsu kawai ya isa.

Irin waɗannan mutane suna nan a ƙofar shagunanmu. Yaro ɗan shekara bakwai da aka kawo karatu daga ƙauye da riga ɗaya, wanda ke kwana a zaure bisa buhu, amana ce a wuyan mahaifinsa da malaminsa da unguwar da yake bara a cikinta. Ga masu dako da 'yan turin kura waɗanda abincinsu ya dogara ga zirga-zirgar iyaka. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar, hunturu ya riski irin waɗannan bayin Allah ba ciniki. Wanda ya ga wannan ya san dukiya aro ce.

Ga 'yan kasuwa, dilar gwanjo ɗaya ta rigunan sanyi tana iya suturta makarantar allo guda. A dai lura, a mashhurin mazhabar Malik zakkar kayan ciniki ana ƙiyasta ta ne a fitar da kuɗi, saboda haka bargo da riga a bayar da su a matsayin sadaka, zakka kuwa a miƙa ta ga mai haƙƙi hannu da hannu, ko ta hanyar Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato. Maigida ya dubi yaran shagonsa da maigadinsa tukuna, domin na kusa ya fi cancanta. Mai safarar dabbobi ya tuna su ma rayuka ne, kada a bar ƙananansu da raunanansu cikin iska ba kariya.

Ga ma'aikatan gwamnati, wanda takardar direba ke kan teburinsa ya sani cewa duk daren da ya jinkirta sa hannu ba da dalili ba, wani Musulmi ne ya ƙara wa kwana a ƙarƙashin tirela. Kwamitin kowane masallaci kuma yana iya tanadar tukunyar ruwan ɗumi da asuba, abu ne mai araha, amma ladar kowace alwala da aka yi da shi ba ta wuce wanda ya sayi icen ba.

Daga ƙarshe, hunturu lokacin riba ne ga mai ibada, dare ya yi tsawo don tsayuwa, rana ta yi sanyi don azumi. Tun da watan Ramalana yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana komawa cikin hunturu kamar yadda aka yi daga 1997 zuwa 2000, har lissafi ya nuna a 2030 za a fara azumi sau biyu, a Janairu da kuma Disamba. Hadisi ya nuna cewa mafi tsananin sanyin da muke ji numfashi ne daga zamharirar Jahannama. Wanda ɗarin Illela ya hana shi barci alhali yana cikin bargo, ya tuna da wancan, ya kuma tuna da maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani, ya tsare mu daga gobara da annoba, ya suturta wanda ya suturta ɗan'uwansa, amin.