Daga Alƙahira zuwa Cape Town a kan keke: yadda ayarin wata huɗu yake kwana da tashi

Kilomita kusan 12,000, ƙasashe 10, wata huɗu cur. Wannan ita ce, a tsarinta na asali, tafiyar da ake kira Tour d'Afrique, wadda ayarin masu keke ya saba farawa a tsakiyar watan Janairu daga gindin dalar Giza a Masar, ya ƙare ta a watan Mayu a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. A da, tsakanin nan da can hanyar takan ratsa Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana da Namibiya. An yi ta farko a shekarar 2003, bisa jagorancin Henry Gold, wani mutumin Kanada da ya daɗe yana aikin agaji a Afirka, kuma har yau kamfanin da ke shirya ta yana birnin Toronto. Mutum tara daga cikin ayarin farko sun shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin waɗanda suka fi kowa saurin ratsa nahiyar a kan keke a wancan lokaci.

Mai jin waɗannan alƙaluma zai ɗauka aikin ƙarti ne. Amma ayarin yakan haɗa ƴan shekara ashirin da ƴan sittin da ɗoriya, maza da mata, akasarinsu daga Turai da Amurka ta Arewa, wasunsu ma ba su taɓa yin mako guda a jere a kan sirdi ba. Abin da ke kai mutum ƙarshen hanya ya fi yawa a zango: yadda ya ci, yadda ya sha, yadda ya wanke hannunsa, da yadda ya iya zama da mutanen da bai zaɓa ba.

Ana tashi tun da sauran duhu. Kowa da fitila ɗaure a goshi yake naɗe tantinsa, ya cusa kaya a ɗan gurbin da aka ware masa cikin kamiyo. Gurbin ba ya ƙaruwa, don haka wanda ya sayi tsaraba a hanya sai ya zubar da wani abu. Karin kumallo kusan kullum iri ɗaya ne, kunu mai kauri da burodi da man gyaɗa ko zuma, da shayi ko kofi. Da gari ya fara wayewa ake hawa hanya, domin a Sudan duk kilomitar da aka ci kafin hantsi riba ce. Bayan nan zafi kan wuce digiri 40.

Matsakaicin abin da ake yi a rana ya kai kilomita 120, wato kusan tazarar Maraɗi zuwa Tasawa, kuma gobe a sake, jibi a sake, sai bayan kwana biyar ko shida a samu hutu. Ba a tafiya a dunƙule. Masu ƙarfi kan yi gaba, wasu su haɗu uku-huɗu suna karɓa-karɓa wajen tare iska, wasu kuma su fi son kaɗaici. Kowa yana da kwatancen hanya da ya kwafa daga allo tun daren jiya, kuma ma'aikata kan ɗaura ƙyallen leda mai launi a mararraba don kada a ɓace. Can baya akwai ma'aikaci guda a kan keke wanda aikinsa shi ne ya zama na ƙarshe: ba ya wuce kowa, ko da mai faci na uku ne a ranar. A tsakiyar hanya wata mota take jira da abincin rana da ruwa. Duk wanda ya ga ba zai iya ba, nan yake ɗora kekensa ya shiga mota.

Wannan shiga mota ita ce babbar magana a ayarin. Akwai wani matsayi da suke kira EFI, wanda ake ba mutumin da ya taka kowane taƙi na hanyar da ƙafarsa, bai hau mota ko sau ɗaya ba. Babu kuɗi a ciki, suna ne kawai da lambar yabo a ranar ƙarshe. Amma rana guda ta gudawa, ko kaca da ta tsinke da yamma rana tana faɗuwa, ta isa ta raba mutum da shi bayan wata biyu yana tsaronsa. Shi ya sa ake ganin mai zazzaɓi yana jan keke yana rawar jiki, ma'aikacin jinya na ayarin yana lallashinsa ya haƙura. Kaɗan ne ke isa Cape Town da matsayin. Wasu kuma da ya kuɓuce musu sai tafiyar ta fi yi musu daɗi, don daga ranar ne suke samun sukunin tsayawa a ƙauye su sha lemo, su yi hira, su bar agogo ya yi ta tafiya.

Wanda ya iso zango, abin da zai fara tararwa tukunyar miya ce mai gishiri, don mayar da abin da gumi ya kwashe. Sai kafa tanti, sai duba keke. Akwai bakanike a ayarin, amma wanke kaca da sa mata mai da facin taya aikin mai keke ne. Zangon kansa sau da yawa fili ne kawai a bakin hanya, ko filin ƙwallon wata makaranta. Babu banɗaki, shebur ne ake ɗauka a yi nisa. Ruwan tankin mota na sha ne da girki, ba na wanka ba, saboda haka mutum kan yi kwanaki yana goge jiki da ɗan tsumma, sai in an yi sa'a wani daga ƙauyen ya kawo ruwa a bokiti ya sayar. Kafin cin abincin dare jagoran tafiya yakan tara kowa ya bayyana hanyar gobe: nisa, hawa, inda kwalta ta ƙare, inda za a yi hattara. Kowa ya wanke kwanonsa, manyan tukwane kuma bi da bi ake wanke su. Da ƙarfe takwas zango ya yi tsit.

Ciwon da ya fi kayar da mutane ba shi da daɗin faɗi. Gogar sirdi kan tayar da ƙuraje da maruru a mazaunai, kuma wanda ya yi sakaci da wankin wandonsa zai yini yana tuƙi a tsaye. Sai ciwon ciki, wanda idan ya shiga zango yakan zagaya tanti-tanti. Dalilin da ya sa ake matsa wa kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ludayi ke nan. Daga Kenya zuwa kudu zazzaɓin cizon sauro yana jira. Ga yunwa da ba ta ƙarewa: mutum ya ci kwano biyu ya koma layi, amma wandonsa yana ƙara yi masa yawa.

Kowace ƙasa da irin jarrabawarta. A Masar ƴan sanda ke rakiya, iska kuma takan turo daga baya a gaɓar Bahar Maliya. Shekaru da dama sai an shiga jirgin ruwa daga Aswan a ratsa tafkin Nasser zuwa Wadi Halfa, kafin a buɗe hanyar mota tsakanin ƙasashen biyu. Sudan ce ƙasar da matafiyan suka fi yabo, saboda randunan ruwa da ake ajiyewa a bakin hanya don baƙo, da mata masu shayi a kan ƴan kujeru, da mutanen da ke ƙin karɓar kuɗi. Hanyar da ta bar Khartum ta nufi iyakar Habasha tana bi ta yankin Gadarif, inda ake jin Hausa a kasuwa: jikokin mahajjata ne da suka keto daga yamma a ƙafa da kan jakuna, da na waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Kakanninsu sun yi doguwar tafiyar da ta fi wannan wuya, ba motar abinci a gaba, ba mai jinya a baya.

Habasha duwatsu ce. Daga Matama a kan iyaka ana ta hawa har Gondar, sannan a gaba akwai kwazazzabon Nilu, inda hanya ke gangarawa zuwa gada ta sake hawa sama da mita 1,300 cikin kilomita 20 kacal. Amma abin da ya fi hawan ci wa matafiya rai shi ne yara. Sukan fito daga gonaki da gudu suna kira suna roƙon kuɗi, wasu kuma su yi jifa da dutse, kuma hannun yaron da ya saba kora shanu da jifa ba ya kuskure. Mutane masu sanyin hali sun sha zubar da hawaye a wannan sashe. Arewacin Kenya, daga Moyale zuwa Marsabit, a da hanyar baƙin dutse ce mai karya keke da gwiwa, yanzu an shimfiɗa mata kwalta. A Tanzaniya da Malawi ana shiga damina, tanti ya jiƙe a naɗe shi a jiƙe. Botswana shimfiɗaɗɗiya ce, giwaye na tsallaka titi, kuma a can ne ake yin rana mafi tsawo, sama da kilomita 200 har a shiga Namibiya, inda tsakuwa da yashi ke jira.

Bayan wata guda, gajiya kan koma kan mutane. Ana faɗa kan mai minshari, kan wanda ya kafa tantinsa a inuwa guda da ke filin, kan wanda ya ɗebi nama fiye da rabonsa. A shekarun da ake tsere, ayarin yakan rabu gida-gida, masu tsere daban, masu yawon buɗe ido daban. Sababbi da suka biya kuɗin sashe ɗaya kawai kan shigo a manyan birane da tufafi masu tsabta, tsofaffin kuma suna kallonsu a kaikaice. Duk da haka, wanda aka yi cacar baki da shi da safe shi ne zai tsaya a rana ya ba da bututun tayarsa na ƙarshe.

Akwai wani abu da ba ya ɓoyuwa a hanyar. Kuɗin shiga cikakkiyar tafiyar ya haura miliyan 5 na sefa nesa ba kusa ba, ban da jirgi da biza da keken kansa. A Malawi da Zambiya mai irin wannan keke yakan tarar da wani a gabansa a kan baƙin keke mara giya, ɗauke da buhunan gawayi ko fasinja, wani lokaci ma ya bi shi a guje ya wuce shi yana dariya. Ƴan Afirka a ayarin sun fi yawa a cikin direbobi da masu girki. Masu shirya tafiyar sun kafa gidauniya da ke raba kekuna ga ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyi a ƙasashen da ake ratsawa, abin da ke da amfani ga wanda ya samu, ko da yake bai rufe wannan tazara ba.

Hanyar kanta ba ta taɓa zama tabbas ba. A 2008 rikicin bayan zaɓe ya sa ayarin ya tsallake Kenya. Yaƙin Tigray ya ɓarke a watan Nuwamban 2020, daga baya faɗa ya bazu zuwa yankin Amhara, inda Gondar da Bahir Dar suke. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma sojojin Sudan da dakarun RSF suka fara gwabzawa a Khartum, yaƙin ya kai har Wad Madani a kan titin da masu keken suka saba bi. Wadi Halfa, inda suke sauka daga jirgin ruwa su kafa tanti, ta cika da iyalai masu jiran bizar Masar, kuma ta Matama dubban mutane suka tsallaka Habasha da abin da hannunsu ya iya ɗauka.