Ɓoyayyun Siffofi a Zanen Duwatsun Ostireliya

A kogwannin yankin Kimberley na Ostireliya, 'yan asalin ƙasar sun bar zane-zanen da rana da ruwa suka dusashe, wasu ma an zana su bisa wasu. Don haka manazarta kan ɗauki hotonsu, su sa a manhajar DStretch, wadda ke ƙarfafa launi har siffar da ta ɓuya ta bayyana. A 2021, ta hanyar auna shekarun ɗakunan zanzaro da ke sama da ƙarƙashin zanen wata dabbar kangaru, an gano ya kai kimanin shekara 17,300. Sai dai fassarar irin waɗannan siffofi tana bakin dattawan al'umma, kuma akwai sirrin da ba a buɗe wa baƙo.