Tankaɗe da Rairaya: Yadda Ake Gano Ƙwaya a Cikin Jini

Gabatarwa

A zaman da nake yi da Hausawan Obalende don ƙara gogewa a harshe, nakan ji ana cewa, "An auna jinin wane, an ga ƙwaya." Wannan magana tana iya raba mutum da aikin tuƙi ko gadi, har ma da neman aure. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce: binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Shi ya sa zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda awon yake gudana. Matakai biyu ne, na kuma kira su tankaɗe da rairaya.

Tankaɗe

Bayan an ɗebi jini, ana zuba shi a 'yar kwalba mai sinadarin hana lalacewa, a liƙe, duk wanda ya karɓa kuma ya sa hannu. Daga nan sai a haɗa shi da wasu sinadaran garkuwar jiki, waɗanda kowanne yake cafke dangin ƙwaya guda, kamar makulli da kwaɗonsa. Wannan awo yana da sauri da araha, amma dangi yake ganewa, ba ainihin ƙwayar ba. Misali, kodin da hodar heroyin danginsu ɗaya, kuma jiki yana mayar da su mofin. Don haka wanda likita ya rubuta wa maganin ciwo mai kodin yana iya faɗawa tarko ɗaya da ɗan ƙwaya. Tiramol kuwa yakan zille wa wannan awo, sai an tanadar masa nasa.

Rairaya

Idan tankaɗe ya nuna alama, sai a kai jinin ga na'urar da masana suke taƙaita sunanta da GC-MS. Da farko tana rarrabe sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta farfasa kowanne ta auna nauyin gutsattsarinsa. Kowace ƙwaya tana da irin nata tsarin fashewa, tamkar zanen yatsa. A nan ne ake sanin sunan ƙwayar da yawanta.

Mu kuma lura cewa jini ba ya riƙe sirri da daɗewa. Yawancin ƙwayoyi suna ɓacewa daga cikinsa cikin awoyi zuwa kwana biyu. Fitsari yana riƙewa na 'yan kwanaki, gashi kuwa na watanni.

Kammalawa

Wasu daga cikinmu za su zama tafintoci a asibiti, ko a kotu, ko a hukumar NDLEA da aka kafa a 1989. Idan muka fassara sakamakon tankaɗe da "an kama shi", mun yanke hukunci kafin shari'a. Abin da ya dace mu ce shi ne, "An ga alama, saura tabbatarwa." Duk wanda za a auna kuma, ya faɗi magungunan da yake sha tun kafin a ɗebi jininsa.