Filin Manoma: A Tare Ruwa Tun Daga Kan Dutse

Zancenmu na wannan mako domin masu noma a gindin duwatsu ne.

Kowa ya lura damina ta sake hali. Ruwa ya kan makara, in ya zo kuwa sai ya zubo gaba ɗaya, ya gangaro daga kan dutse da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai taki, ya bar kwazazzabo a tsakiyar gona. Bayan kwana goma sai ka ga dawa ta yi yaushi kamar ba a yi ruwa ba.

Haka ya sami mutanen Keita, cikin ƙasar Adar ta Jihar Tawa, a Nijar. Farin 1973 da na 1984 sun mai da gonakinsu fako. A 1984 aka soma babban aikin gyaran ƙasar, da taimakon Italiya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba daga fadama suka fara ba. A jikin duwatsu suka haƙa ramuka a jere, suka dasa itatuwa. A kan tudu suka jera duwatsu suka gitta wa ruwa hanya. A cikin ƙoramu suka yi madatsai. Mata ne suka yi yawancin aikin, domin mazan sun tafi cin rani, ana biyansu da abinci. Da ruwa ya rage gudu sai ya nutse cikin ƙasa, fako ya koma gona.

To, ga abin da za mu koya. Da rani a ke wannan aiki. Jera duwatsu a gicciye, layin ya tafi daidai, kada gefe guda ya fi tudu, in ba haka ba ruwa zai taru wuri ɗaya ya fasa. Inda ƙasa ta yi tauri, haƙa tassa, watau ƙananan ramuka kamar taƙi ɗaya zurfi, ka zuba takin dabbobi cikin kowanne, ka shuka a ciki in ruwa ya sauka.

Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mai gonar sama ya yi sakaci, mai gonar ƙasa shi ne zai yi hasara. Saboda haka ku je wurin mai gari a sa ranar gayya tun kafin bazara, a fara daga kan dutse a gangaro.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.